Zaƙin Hauwa'u

Ban taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar awo, lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Anka zuwa Abare. Damina ce, bayan an gama kwashe ƙasar nan mai gubar dalma a ƙauyukan. Ni kaɗai ce ungozoma, mata kuwa sun cika rumfa har waje. Ku sababbin ungozomomi da kuka same ni da furfura ba ku san ni ba. A lokacin bakina ya fi allurata zafi.

Tsarin awo kun san shi: a hau sikeli, a gwada jini, a taɓa ciki, a saurari bugun zuciyar ɗa, sannan a yi tambayoyin da ke kan kati. Haka na yi wa Hauwa'u, mai cikin wata shida, wadda ta zo tare da mahaifiyarta. Cikin fari ne, kunya ta hana ta ko ɗaga kai. Jini? A'a. Ciwon kai? A'a. Kumburin ƙafa? A'a. Zuciyar ɗa na bugawa lafiya lau. Na sa hannu a kati, na ce ta dawo bayan wata ɗaya.

Suna shirin fita sai Innarta ta juyo da fara'a ta ce, "Malama, mun gode Allah, zaƙi ma ya hwara hita. Kwana biyu ke nan yana zuba."

Ga waɗanda ba su sani ba, matanmu sun yarda mai ciki na tara zaƙi a jiki, idan bai fita ba yakan tare hanyar haihuwa. Don haka ake jiƙa saiwoyi a ba ta, kuma duk ruwan da ya zubo murna ake yi da shi. Ni kuwa na gaji da wannan zance. Ban tambayi kalarsa ba, ban tambayi yawansa ba. Faɗa na kama yi mata a gaban mutane, na ce su daina ɗura wa yarinya jiƙe-jiƙe, babu wani abu wai shi zaƙi. Tsohuwar ta ce, "To, Malama." Ta ja 'yarta suka tafi.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo Hauwa'u a kan babur, an sa ta a tsakiya Inna na riƙe da ita ta baya. Jikinta zafi rau, ga wari. Na ɗora abin saurare a cikinta, na zagaya ko'ina, shiru. Abin da Inna ta kira zaƙi ruwan faya ne, wanda ɗa ke kwance a cikinsa. Faya ta fashe tun kafin lokaci, ƙwayoyin cuta sun samu hanya sun shiga. Na sa mata ƙarin ruwa, na yi mata allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta, na rubuta takarda, na bi su babban asibiti da kaina saboda yanzu ran uwar ake nema.

Likita ya tambayi Inna kwana nawa ruwan ke zuba. Ta ce shida. Ya duba katin awo, ya ga Talata, ya ga sa hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sista, a wata shida da wuya mu iya tsirar da ɗan ko da kin turo ta tun ranar Talata. Amma wannan zazzaɓin, da bai kai haka ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka sa mata maganin naƙuda, ta haifi ɗa namiji ba rai. Kwana uku muna tsakanin tsoro da fata kafin zazzaɓin ya sauka. Ranar da ta fara shan kunu, na samu Inna a baranda tana wanke kwano. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na kasa ƙarasa abin da na zo faɗi. Ta dube ni ta ce, "Na ko hwaɗa miki, ɗiyata. Mu abin da munka sani ke nan. Ke da kinka yi karatu munka kawo ma."

Babu zargi a muryarta, shi ya sa har yau maganar ke damuna.

Tun daga nan na ƙara tambaya ɗaya da ba ta kan kati. Duk mai cikin da ta zo, nakan ce, "Zaƙi ya fara fita?" Idan ta ce e, sai ta hau gado in duba. Wasu abokan aiki sun yi mini dariya, wai na koma ungozomar gargajiya. Su yi ta yi.

Ku yara masu tasowa, mutanenmu ba sa ɓoye ciwo kamar yadda muke zarginsu. Suna faɗa, da sunan da suka gada, galibi a bakin ƙofa lokacin da kun riga kun rufe kati. Inna ta kawo mini labarin fashewar faya da bakinta tun ɗan yana da rai, ni kuma na tsaya gyara mata magana.