Sikelin da Mai Kifi Ta Sa Aka Gwada

A layin masu kifi na bayan tasha, babu wanda ya kai Mai Kifi sanin halin sikeli. Tun tana budurwa take awo a kan jiƙaƙƙen teburin siminti. Ta ga sikelin da ake danna wa yatsa, ta ga wanda ake liƙa wa ƙarfe a ƙarƙashin faranti. Abin da ta riƙe shi ne, duk sikelin da ya yi ƙarya ƙari yake yi, don mai shi ya ci.

Da kifin nan ta reni ƙanenta Auta bayan rasuwar iyayensu, har ya zama direban tasi. Da aka kama shi da ƙullin hodar iblis a ƙarƙashin kujerar motarsa, lauya ya zaunar da ita a ofishinsa. Ya ce nauyin da jami'ai suka samu bai kai iyakar da doka ta raba mai sha da mai safara ba, saura ƙiris. Idan Auta ya amsa laifi, zamansa a gidan yari ba zai yi tsawo ba.

"Wa ya auna?" in ji ta.

"Waɗanda suka kama shi."

"Da sikelinsu? Barista, ka taɓa sayen kifi kuwa?"

"Uwargida ke sayowa."

"Ai na ga alama."

Lauya ya yarda cewa idan aka nuna sikelin ba daidai yake ba, hujjar masu ƙara tana iya rushewa. Amma ya ce ba ya son taɓa abin da bai san ƙarshensa ba. Ta kafe sai an gwada sikelin. Aka tambayi Auta, ya ce duk abin da Yaya ta ce.

Ranar zaman, mai gwajin sikeli ya shigo kotu da akwatin duwatsun awo. Ya sa aka kashe fanka, ya saka safar hannu, ya ɗora dutse a kan sikelin jami'an, ya ɗaga, ya ɗora wani. Sannan ya shaida wa alƙali cewa sikelin ba daidai yake ba.

Mai Kifi ta taɓa matar da ke kusa da ita. "Ba na faɗa ba?"

Lauya bai waiwayo ba.

"Ragi yake yi, ranka ya daɗe," in ji mai gwajin.

Aka sake auna ƙullin a kan sikeli mai kyau, ya haura iyaka. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya nemi a mayar da tuhumar ta safara, alƙali ya amince.

A baranda Mai Kifi ta tare mai gwajin. "Malam, wa zai ajiye sikelin da ke cutarsa?"

"Ba wanda ke cin abinci da shi, Baba. Tsufa ya yi."

Aka fito da Auta da ankwa a hannu. Ta matsa kusa da shi.

"Yaya, ki sayar da motar," ya ce. "Kafin in fito ta ruɓe."