Kabarin ƙanwar Inna a filin golf

Inna ta haura tamanin lokacin da ta ce in kai ta bakin teku. Ba Kornish, wurin shan iska na cikin gari, take nufi ba. Wurin da jirgin ruwa ya sauke su take so, ranar da suka ƙetaro daga Sudan za su Makka, tana 'yar shekara bakwai. Ƙanwarta ta rasu a cikin jirgin. Da suka sauka aka haƙa yashi aka binne ta, aka wuce. Inna ba ta sake komawa ba.

Ni direba ne. Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauko ta daga unguwar Hindawiyya, muka yi arewa.

Hanyar tana da kyau. Teku yana hagunmu, wani wuri shuɗi, wani wuri kore. Muka wuce masu saida kifi, muka wuce raƙuma. Inna ta sa na kashe sanyin mota, ta sauke gilashi. Ta ce warin gishirin bai canza ba.

Alamarta ɗaya ce: wani dogon harshen ƙasa da ya shiga ruwa, da baƙin dutse a ƙarshensa. Mun fi awa muna tafiya kafin ta dafa hannuna.

"Tsaya. Ga shi can."

Dutsen yana nan. Amma tsakaninmu da shi akwai shinge, da ƙofa, da ciyawa kore shar har bakin ruwa. Otal ne na masu wasan golf.

Mai gadin Bahaushen Sudan ne, da furfura a gemu. Na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, mamnu', an hana shiga. Sai wanda ya kama ɗaki, ko wanda zai buga."

"Nawa ne bugun?"

Ya faɗa. Kuɗin wasan yini ɗaya ya kai hayar ɗakina ta wata. Na ɗaki kuwa da ya fara faɗa, na ce ya bari.

"Zan biya na bugun," na ce.

Ya dubi jallabiyata da silifas ɗina. "A haka? Kuma Hajiya ma sai in za ta buga."

Inna ta leƙo ta taga. "Me ake bugawa, ɗan nan?"

"Ƙwallo, Hajiya. Ƙarama kamar ƙwai. A buga ta da sanda har ta faɗa rami."

"In ta faɗa fa?"

"A ciro ta, a tafi wani ramin."

"Manya da gemunsu?"

"Manya ƙwarai."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce da ni, "Mayar da jakarka. Ba a biya ni ba da na baro ta, ba zan biya ba don in gaishe ta. Halas, magana ta ƙare."

Mai gadin ya nuna mana wata hanyar ƙasa da masunta ke bi, a bayan shingen. Na bi ta a hankali har ta ƙare. Daga nan ana hango dutsen, amma ba a isa gare shi. Na riƙe Inna ta fito. Ta cire takalmi, ta tsaya ta kama wayar shingen da hannu biyu.

Na tambaye ta ko ta gane daidai wurin. Ta ce a'a. Ko dai ƙarƙashin ciyawar nan, ko ruwa ya daɗe da cinye shi.

Ta yi sallama da ƙarfi, yadda ake yi a ƙofar gida. Ta ce, "Auta, ni ce. Na tsufa. Baba da Iya sun riga ni, suna Makka a kwance." Ta yi addu'a, na shafa tare da ita. Can nesa wasu mutum biyu cikin ƙaramar mota fara suka tsaya suna kallonmu, suka wuce.

Ta daɗe a tsaye.

Da ta juyo ta ce, "Ta ji. Yalla, mu tafi kafin la'asar ta wuce mu."