Shafe-Sawu da baƙin allonsa

Yayana ne mai kula da kwamfutar ɗan gidan rediyon da nake karanta labarai. Ɗakinsa na ƙarshen baranda, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, da wayoyi barbaje a ƙasa, sai ka ɗaga ƙafa za ka wuce. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ya zauna gaban wani baƙin allo ya rubuta umarni layi-layi kafin muryarmu ta sake fita. Ba wanda ya iya sai shi.

Allon nan yana da kirkinsa. Duk abin da ka rubuta yana ajiyewa, in ka danna madanni mai kibiyar sama ya dawo maka da shi. To, Yaya ya hana shi. Wai can baya ya taɓa rubuta kalmar sirrinsa inda bai dace ba, wani ya danna kibiya ya gani. Shi ke nan fa, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya saita kwamfutar yadda duk umarnin da aka fara da tazara, wato ɗan filin da ake bari tsakanin kalmomi, ba za ta ajiye ba, shi kuma ko harafi ba ya rubutawa sai babban yatsansa ya fara buga tazarar. In zai tashi ya goge ragowar. Abokan aiki suka sa masa Shafe-Sawu, abin haushin ma daɗin sunan yake ji.

Na yi magana har bakina ya gaji. "Yaya, don Allah ka bar ta ta riƙa ajiye mana." Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce, "A nan ake ajiya, yarinya." Ni ce yarinya, da 'ya'yana a sakandare!

Ana nan hawan jini ya kwantar da shi. Ya tashi, ƙafa lafiya, baki lafiya, amma kai ya zama rariya, yau ya tuna, gobe ya zube. Rannan rediyonmu ya yi rabin yini shiru, yana zaune yana zare wa allo ido. Manaja ya kira ni gefe ya ce in aka sake, wani zai nemo. Yaya kuwa ga iyali, ba shi da wata sana'ar.

Na lallaɓa shi ya daina buga tazarar nan, ya ce to. Ina! Kai ya manta umarni, yatsa bai manta tazara ba. Sai na je wurin mijin ƙawata mai gyaran kwamfuta ya koya min. Ranar da Yaya ya tafi ganin likita na buɗe saitin, na cire dokar tazarar, na sa ta riƙa ajiye kowane layi nan take.

Allah ya kawo mu wata safiya mai kyau. Aka ɗauke wuta, aka dawo, Yaya ya zauna garau, yatsu na gudu kamar dā. Ina tsaye bayansa zuciyata fari ƙal, don na san komai ya shiga. Yana miƙa hannu zai ɗauki shayinsa sai gefen hannun ya taɓa kibiya. Umarninsa na ƙarshe ya fito.

"Kai! Wane sakarai ne ya taɓa min kaya?"

"Yaya, tsaya!"

Kafin in rufe baki ya goge komai. Duk cikin umarnin duniya, na gogewar ne bai taɓa kuɓuce masa ba. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Ki gode wa Allah da na gani da wuri." Na fita baranda na yi kukan takaici.

Mako bai zagayo ba aka sake ɗauke wuta. Manaja ya tsaya bakin ƙofa yana duba agogo. Yaya ya ɗora hannu kan madannai, ya daɗe haka. Can a hankali ya danna kibiyar sama. Babu komai. Ya sake dannawa. Sannan ya waiwayo ni.

"Ƙanwata, na ji an ce tana ajiyewa. Wa ya goge min?"

Bakina cike yake da maganar da na daɗe ina tanada masa. Na haɗiye.

"Wutar ce, Yaya. Da aka ɗauke ta tafi da shi."

Ya gyaɗa kai. Manaja ya ce in Yaya ya tashi ya same shi a ofis.