Ambulan Ɗin da Na Yaga

Warin tsohuwar takarda ne ya tarbe ni jiya da na buɗe gwangwanin Baba, kwana arba'in da rasuwarsa. Na zauna na ajiye shi a gabana.

Baba ma'aikacin siminti ne a Malbaza, mu kuma muna ƙauye kusa da Dogarawa, sai Lahadi muke ganinsa. Duk lokacin da ƙasashe za su haɗu a gasar wasanni, gidan waya kan fitar da ambulan mai hoto da tambur, wato kan sarki, na musamman. Ranar fitowar sai Baba ya tafi Konni ya saya, ya liƙe ba wasiƙa a ciki, a buga masa hatimin ranar. Darajarsa ita ce kada a buɗe. A lokacin ba wanda ya san haka a gidanmu, don a Malbaza yake ajiye su.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aiki ya hana shi tafiya. Abokinsa na gidan waya ya saya masa, ya ba direban motar kasuwa. Direban ya manta bai tsaya Malbaza ba, sai ya miƙa wa Kaka, mahaifiyar Baba, a ƙofar gidanmu ranar Laraba.

Kaka ba ta karatun boko, amma ta san hatimi. Takarda mai hatimi ce ta tafi da ƙanenta soja, bai dawo ba. Ta ga hoton mutum yana gudu a jikin ambulan ɗin, ta ajiye ludayin furarta. Kwana biyu takardar na ƙarƙashin tabarmarta, ba ta cin abin kirki. Ran Juma'a ta kira ni, ni kaɗai ke zuwa lakwal, makarantar boko.

"Maigidana, taho nan. Karatun naka na ado ne? Buɗe ka gaya mini mi ubanka ya yi wa jandarma."

Na yage shi ta gefe, har yagar ta ratsa hatimin. Na leƙa, na girgiza. Ba komai.

"Ba komai?" in ji ta. "Wa ke aiko wa mutum da babu?" Sai ta shiga salati.

Ita tana tsoron abin da aka ƙulla wa ɗanta, ni ina tsoron Lahadi. Asabar duka na yini a gona, duk ƙarar mota sai in ɗaga kai in duba hanya.

Da Baba ya zo ran Lahadi, Kaka ta miƙa masa ambulan ɗin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon yagar. Sannan ya durƙusa gabanta.

"Inna, wasa ne. Wannan mai gudun tsere yake yi, ba korarsa ake ba."

Ni kuwa bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Na girma ina jiran faɗan.

Jiya na sami ambulan ɗin nan nasa a jere cikin gwangwanin, duk a liƙe, duk babu komai ciki. Yagaggen ne a sama. Shi kaɗai ke da baki, kuma a cikinsa Baba ya sa hoton Kaka na katin shaida, wanda ba mu da waninsa.

'Ya'yana ba su taɓa lasar tambur ba, saƙonsu a waya yake. Damina ta kusa, gara kuma ba ta barin takarda a ɗakinmu. Na ɗora gwangwanin bisa bulo biyu, na yayyafa toka kewaye, kuma tun safe sau uku ke nan ina komawa in duba.