Bakin da Ya Kira Kowa a Bagudo Ban da Ni

Hantsi bai taɓa samun Inna Sabuwa a gida ba. Da gari ya waye take ɗaukar aska da sabulun salo, ta bi gidajen masu jego, ta wanke jariri nan, ta gasa cibiya can. Wata rana kuma a zo da jirgi a ƙetare da ita kogin Kwara, har ƙauyukan Dandawa na cikin Dahomai. Ni 'yarta ta fari, Atika, ni ake bari da tukunya da ƙanne. Bana ido ya hana ta aiki, shi ya sa na ce tunda yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe alƙalami, bari in jinjina mata, ko da yake da haushi a raina.

Liman ke raɗa sunan yanka, amma sunan da ke bin mutum har furfura daga bakin Inna yake fitowa, kuma kowanne da dalilinsa. Arzika mai ɗinki a kasuwa, uwarsa ta sha naƙuda har an fara koke-koke, Inna ta ƙi tashi daga kanta. Da suka rabu lafiya ta ce wannan sai Arzika, an yi arziki. Akwai matar da 'ya'yanta ba sa zama, duk wanda ta haifa sai ya koma. Da ta sake haihuwa, Inna ta sa jaririyar a ƙwarya, ta ajiye kan juji kamar abin da ba a so, ta sake ɗaukowa ta ce Ajuji. Yau Ajuji goyo take yi. Hatta Ɗanliti ɗan doka, da ke ta hura hanci tun ranar da aka sauke tutar Turawa, in ya gan ta sai ya durƙusa ya ji yadda ya faɗo duniya ran Litinin ana tsakar cin kasuwa.

Inna, ke ce uwar rabin garin nan, mai hannu da sanyi. Kin san asalin sunan kowa, kina kiransa da daɗi kamar kina tauna dabino. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa jin nawa a bakinki ba. Na san kunyar ɗan fari ce, haka kowace uwa take yi a nan. Sanin bai rage mini komai ba. Ina tsaye za ki rungume 'yar wani ki jero mata suna da labari, ki waigo ki ce mini "ke". Wallahi na yi kishin yaran nan, har yau ban daina ba.

Da labari ya bazu ta ajiye aska, matan ƙetare suka cika jirgi suka zo gaisuwa da bandar kifi. Ana cikin hira wata ta ɗaga murya ta kira Atika. Na amsa, sai na ji wasu 'yan mata sun amsa tare da ni. Na tambayi matar yadda aka yi sunan ya yi yawa haka a wajensu.

Ta ce, "Ai duk Inna ta yanke musu cibi. In munka ce ta zaɓa muna suna, sai ta duƙar da kai ta ce mu tambayi mai jirgi sunan ɗiyar da ta baro gida."

Na dubi Inna. Ta hau gyaran bakin zane kamar ba da ita ake ba, can ta ce, "Ke, kawo ma baƙi ruwa." Na tafi randa na daɗe ban dawo ba, don ban so a ga fuskata.

Na gode, Inna, Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma 'yan matan da gwamnati ke koya wa karɓar haihuwa, ku zo ku zauna gabanta tun tana iya magana, ku koyi yadda ake duban ɗa kafin a kira shi. Ni dai ga shi yanzu har sunan nawa ma rabawa nake da 'ya'yan mutane. Abin da ya kwantar mini da rai ɗaya ne: na kasa kunne da kyau har suka tafi, su ma ba ta kira ko ɗaya da sunanta ba.