Ranar da Baba Lamba Ya Buga Bakwai

Baba Lamba ake kiransa a ofis, don shekara goma sha tara ke nan yana riƙe lambobin kwastomomi a ka. Kamfaninsu na da babban layi guda ɗaya, ta cikinsa saƙonnin bankuna da asibitoci da makarantu suke bi, kowa da lambarsa, yadda na wani ba zai faɗa ofishin wani ba. Shi ke ware wa kowa hanyarsa a cikin na'ura. Mutum ne mai taka-tsantsan, ko ƙofar gida ya kulle sai ya dawo ya girgiza kwaɗon.

Wata Talata da hantsi, yana haɗa sabon reshen wasu makarantu masu zaman kansu, yatsansa ya zame, ya buga bakwai maimakon ɗaya. Sai da ya miƙe zai sha ruwa idonsa ya kai kan allo, ya ga hanyar hukumar jarrabawa ta buɗe cikin ta makarantun. Saura kwana shida a fara jarrabawa.

Nan take ya gyara. Minti goma sha ɗaya hanyar ta yi a buɗe. Ɗakin injinan sanyi ƙalau, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, domin autarsa a ɗaya daga cikin makarantun take, kuma bana za ta zauna jarrabawar. Wa zai yarda kuskure ne?

Ya fito baranda ya kira matarsa a waya, ya gaya mata.

"Wani ya gani?" ta tambaya.

"Babu. Amma na'ura tana ajiye komai."

"To, Malam, je ka faɗa da bakinka kafin ta faɗa."

Sau biyu yana kaiwa ƙofar manaja yana juyowa. A na uku ya shiga. Manajar ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Baba, kai? Da wani ne sai in ce ya saba. Zauna, kar ka faɗi a nan."

Kwana uku masu bincike suna tsare shi da tambayoyi. Suka karɓe wayarsa, suka nemi sunan makarantar 'yarsa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya leƙa ya ga ko shi aka zo ɗauka.

Ba a samu alamar wani ya kwashi komai ba, amma hukumar ta sake tambayoyin jarrabawar gaba ɗaya. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce daga yanzu sai wani ya duba kafin ya danna. Autar ta ci darussanta ban da lissafi. Wannan faɗuwar sai da ta sa ya ji sanyi a ransa, don yanzu ba mai cewa ya sato mata tambayoyi, kuma kunyar hakan ta hana shi gaya wa kowa.