Ranar da Injin Kawu Ya Ƙi Tsayawa

Shekarata ɗaya a kwalejin fasaha ina karatun difloma a fannin injuna lokacin da na koma hutu ƙauyenmu, can bayan Tofa. Tun daga bakin titi ake kirana Injiniya. Ni kuwa na san iyakar abin da na iya: zanen noti a takarda, da lissafi, da gugar guntun ƙarfe har tafin hannuna ya yi kanta. Ban taɓa kwance inji ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da injin niƙa mai shan dizal a wata rumfar kwano. Kwana huɗu injin bai tashi ba, bakaniken da ke zuwa daga Kano kuma ya yi tafiya. Da hantsi Kawu ya same ni ina shan koko.

"Tashi mu je ka duba mana shi."

"Kawu, ba mu zo wurin nan ba tukuna a karatu."

"Shekara guda ba ku zo kan inji ba? To me kuke yi a can?"

Babana yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Na tashi na bi Kawu.

Na kwance famfon mai, na wanke shi da kananzir, na mayar. Akwai wani ɗan sifirin da ke daidaita gudun injin, na ji bai zauna daidai ba. Amma mata sun riga sun jeru da kwanukan dawa a bakin rumfa suna kallona, sai na ja bakina na yi shiru.

Kawu ya yi bisimilla ya murza hannun tayarwa. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kafin ta sauke, ƙarar ta fara hauhawa. Kawu ya ja ƙarfen kashewa, injin bai saurare shi ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, bel ya tsinke ya daki kwano, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na kalli babban wilin ƙarfen da ke gefen injin yana juyawa har ba a ganinsa sosai. Na san in ya fashe, ba mai fita da rai a cikinmu. Matan suka watse, dawa ta zube ko'ina.

"Kashe shi!" Kawu yake ihu. "Kai, kashe shi mana!"

Ba abin da ke fita bakina sai salati. Can na tuna wani dattijo mai kula da ɗakin injuna a makaranta ya taɓa ce mana inji ma numfashi yake yi, in ka toshe masa hanci zai mutu. Na tuɓe rigata na dunƙule, na matsa ido a rufe, na cusa a bakin da yake shaƙar iska. Ya fizge ta har yatsuna suka kusa bi. Ya yi gurnani, ya yi jijjiga, sannan ya tsaya.

Na zauna daɓas a ƙasa. Aka miƙo mini ruwa a moɗa. Kawu kuwa sai gaya wa mutane yake yi wai ni na ceci rumfar.

Da muka fito sallar la'asar na gaya wa Baba gaskiya, cewa na ji sifirin bai zauna daidai ba na yi shiru. Ya ce, "Je ka gaya wa kawunka da bakinka." Na je. Kawu bai yi faɗa ba, amma ya kwana biyu ba ya sakar mini fuska.

Da bakaniken ya dawo, ya sa ni na cire sifirin na mayar sau uku a gabansa, har ya gamsu. Amma da ya kama hannun tayarwa, ban san lokacin da na fice ba. Daga gindin darbejiya na ji tashin injin.